Zaɓin Asusu a Tsarin Fansho: Abin da Ya Kamata Uwargida Ta Sani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mini a ajin matan aure. Bayan mun tashi daga karatu, sai wata baiwar Allah ta tsaya, ta zaro wata takarda daga jakarta ta ce, "Malama, don Allah duba min wannan. Ta maigidanmu ce, daga kamfanin fansho. Na ga an rubuta Fund II, na tambaye shi, ya ce shi ma bai sani ba, haka dai suke aikowa." Shekara goma sha huɗu ana cirar kuɗi daga albashin bawan Allah nan, amma daga shi har ita babu wanda ya san inda kuɗin suke kwana. Kuma fa waɗannan kuɗi su ne cinsu da shansu in ƙarfi ya ƙare.

Na tabbata ba gidansu kaɗai ba ne. Shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu fahimci wannan al'amari, domin a yanzu hukuma ta ba ma'aikaci damar ya zaɓi inda za a juya masa kuɗinsa, kuma wanda bai san da zaɓin ba, wani ne zai zaɓar masa.

Kafin mu shiga, ga wata 'yar matashiya: a cikin wannan darasi, in na ce "riba" ina nufin amfanin da ake samu a ciniki na halal. Ita kuwa wadda Allah Ya haramta a ƙarshen Suratul Baƙara, zan kira ta "kuɗin ruwa", don kada mu rikice.

Ina kuɗin suke zuwa?

A da, ma'aikacin gwamnati ba ya tara komai da sunansa. In ya yi ritaya, sai ya jira gwamnati ta biya shi garatuti da fansho daga baitulmali. Dukkanmu mun ga yadda iyayenmu suka sha layi da tantancewa, wasu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su karɓa ba. A 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kafa dokar fansho ta karo-karo, aka kuma sabunta ta a 2014. A ƙarƙashinta kowane ma'aikaci yana da asusu na kansa. Duk wata ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Wato in albashin da ake lissafi da shi Naira 100,000 ne, to Naira 18,000 ke shiga asusun duk wata, Naira 216,000 ke nan a shekara. Hukumar PenCom ce ke sa ido, kamfanonin fansho kuma su ke juya kuɗin.

Wannan tsari ya shafi ma'aikatan gwamnatin tarayya da na kamfanoni, da na jihohin da suka karɓe shi, irin su Kaduna. Sojoji an cire su, kuma jihohi irin su Kano da Jigawa suna da nasu tsarin daban. Saboda haka abu na farko shi ne ki san a wane tsari maigida yake, ko ke kanki in kina aiki.

Kuɗin ba a ajiye suke a akwati ba. Ana haɗa na mutane da yawa wuri guda, ƙwararru su zuba su a harkoki daban-daban, abin da aka samu a raba wa kowa gwargwadon abin da ya zuba. Wannan shi ake kira asusun haɗakar jari. Ya yi kama da adashi ta fuskar haɗa hannu, amma akwai bambanci babba. A adashi abin da kika zuba shi za ki kwasa, babu ƙari babu ragi. A nan kuwa kuɗin suna fita neman riba, don haka suna iya ƙaruwa, suna iya raguwa.

Manyan hanyoyin da ake zuba su guda uku ne. Ta farko, a ranta wa gwamnati ko kamfani, su biya da ƙari ƙayyadadde. Tana da kwanciyar hankali amma ƙarin nan kuɗin ruwa ne. Ta biyu, a sayi hannun jarin kamfanoni, wato a zama masu kaso a cikinsu. In sun ci riba a ci, in sun faɗi a faɗi tare. Ta uku ita ce sukuk, inda ake haɗa kuɗi a mallaki wata kadara kamar hanya ko gini, a riƙa karɓar kuɗin haya. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, na Naira biliyan 100, aka yi aikin hanyoyi da shi.

To, tunda hanyoyin sun bambanta, tambayar da ke biyo baya ita ce: wa zai zaɓa, hukuma ko mai kuɗin? Kuma zaɓi nawa ya kamata a ba shi? Ba mu kaɗai muka fuskanci wannan tambaya ba. Ma'aikatan gwamnatin Amurka sun riga mu shiga wannan muhawara da shekaru masu yawa, kuma akwai darasi a cikin yadda tasu ta kasance. Bari mu leƙa can, sannan mu dawo gida.

Yadda aka buɗe ƙofa a Amurka

A 1986 majalisar dokokin Amurka ta kafa wa ma'aikatan gwamnatin tarayya wani asusun tanadin ritaya da ake kira TSP a taƙaice. Daga baya aka shigar da sojoji. Mutum sama da miliyan shida ne ke da ajiya a cikinsa. Ma'aikaci yana zubawa daga albashinsa, gwamnati ta ƙara masa har zuwa kashi 5 cikin ɗari.

Shekara da shekaru zaɓin da ke cikinsa kaɗan ne. An fara da asusun takardun bashin gwamnati a 1987, aka ƙara biyu a 1988, aka ƙara wasu biyu a 2001, suka zama biyar: biyu na bashi, uku na hannun jari. A 2005 aka kawo wasu da ke gauraya waɗannan biyar ɗin gwargwadon shekarar da mutum zai yi ritaya. Amfanin wannan ƙarancin zaɓi shi ne arha. Abin da ake cirewa na ɗawainiya bai kai dala ɗaya ba a kowace dala dubu a shekara.

Amma wasu ma'aikata suka ce sam, wannan bai ishe su ba. Wasu suna son harkokin da babu su a cikin biyar ɗin. Wasu kuma damuwarsu ta aƙida ce, domin asusun bashi kuɗin ruwa ne, asusun hannun jari kuma ya haɗa kowane irin kamfani, har da na giya da caca da bankunan kuɗin ruwa. Musulmin da ke aikin gwamnati a can ba shi da wurin da zai sa kuɗinsa hankalinsa ya kwanta. A 2009 aka yi dokar da ta ba masu kula da asusun izinin buɗe wata ƙofa zuwa kasuwa, amma ba a buɗe ta ba sai a watan Yunin 2022. Shekara goma sha uku ke nan ana nazari. Da aka buɗe, sai ga asusun haɗakar jari wajen 5,000 a gaban ma'aikaci, ciki har da waɗanda aka tsara bisa ƙa'idojin Shari'a.

Sai dai ƙofar tana da sharuɗɗa. Ba a yarda mutum ya fitar da fiye da kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ta wannan ƙofa ba, kuma zubin farko kada ya gaza dala 10,000. Kin ga ke nan sai wanda ya tara aƙalla dala 40,000 ne zai iya shiga. Sannan ga caji: a lokacin da aka buɗe, dala 55 da dala 95 duk shekara, jimla dala 150, ga dala 28.75 a kan kowane saye ko sayarwa, ban da abin da shi kansa asusun da aka zaɓa zai cira.

Mu yi lissafi irin namu na gida. Wanda ya sa dala 10,000 ta wannan ƙofa, dala 150 ɗin nan kaɗai ta cinye masa kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a shekara. Da ya bar su a inda suke, abin da za a cira bai kai dala 10 ba. Don haka ba abin mamaki ba ne da aka ga cewa a cikin miliyoyin nan, 'yan dubbai kaɗan ne suka bi ta ƙofar a farkon buɗe ta.

Me ya sa aka yi mata wannan shinge? Saboda masu kula da asusun amana aka ba su. Sun san mutum yana iya jin labarin wata harka da ke tashe, ya kwashe tanadin rayuwarsa ya zuba, kasuwa ta juya ya wayi gari ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Iyakar kashi 25 tana nufin ko ya yi kuskure, kashi uku cikin huɗu na nan. Shi kuma cajin an ɗora shi ne a kan masu amfani da ƙofar, don kada wanda bai shiga ba ya biya wa wanda ya shiga.

Darussa biyu muka ɗauka daga nan. Na farko, faɗaɗa zaɓi rahama ce ga wanda tsohon tsari ya ƙuntata wa. Na biyu, kowane zaɓi yana da farashi, kuma yawan kaya a kasuwa ba shi ke sa a yi sayayya mai kyau ba.

Mu dawo gida

Mu a Najeriya ba a buɗe mana ƙofa zuwa dubban asusu ba. Hanyar da PenCom ta bi ita ce ta sa kowane kamfanin fansho ya raba kuɗin da ke hannunsa zuwa 'yan rukunai. Kafin watan Yulin 2018, duk masu aiki a tukunya ɗaya suke, da saurayi ɗan shekara 25 da dattijon da ya rage masa wata shida. Daga wannan lokaci aka raba kamar haka:

Asusu na Ɗaya: na masu ƙasa da shekara 50 ne da suka nema da kansu a rubuce. Shi ya fi shiga harkokin da ke hawa da sauka. A farkon tsarin an yarda a zuba har kashi 75 cikin ɗari a irinsu.

Asusu na Biyu: nan ake saka duk mai shekara 49 zuwa ƙasa in bai zaɓi komai ba. Iyakarsa a wancan lokaci kashi 55 ce. Shi ne Fund II ɗin da ɗalibata ta gani a takarda.

Asusu na Uku: na masu shekara 50 zuwa sama da ke bakin aiki. An rage kasada sosai, iyakar ta kasance kashi 20.

Asusu na Huɗu: na waɗanda suka riga suka yi ritaya.

Asusu na Biyar: an fara shi a 2019 don masu sana'ar kansu, irin su teloli, 'yan kasuwa da masu sana'ar cikin gida. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu masu ɗinki da saƙa da sayar da kayan miya.

Asusu na Shida: an kawo shi a 2021, shi ne wanda ba na kuɗin ruwa ba. Yana da ɓangare biyu, na masu aiki da na 'yan ritaya. Ana zuba kuɗinsa a sukuk da hannun jarin kamfanonin da aka tantance da makamantansu. Ba a saka kowa a cikinsa haka kawai, sai mutum ya nema da kansa. Kuma ba na Musulmi kaɗai ba ne, duk mai so yana iya shiga.

Mai asusu yana da damar sauya rukuni sau ɗaya a shekara ba tare da biyan komai ba. Haka kuma tun watan Nuwamban 2020 yana iya ɗauke asusunsa gaba ɗaya daga wani kamfanin fansho zuwa wani, shi ma sau ɗaya a shekara.

Ma'auni huɗu kafin a zaɓa

Na farko, halacci. Tantance kamfani yana da matakai. Ana fara duba sana'arsa: in giya ce ko caca ko naman alade ko ba da rance da kuɗin ruwa, an fitar da shi. Sai a duba yawan bashin ruwan da ke kansa, kada ya wuce wajen kashi ɗaya cikin uku. Sai kuma ɗan abin da ke shigo masa ta hanyar da ba ta dace ba, kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, shi ma a cire shi a bayar ga mabuƙata. A nan akwai abin lura: lokacin da aka kafa Asusu na Shida, an ba kamfanoni rangwamen su cike gurbi da harkokin da aka saba in na Shari'a ba su wadata ba a kasuwa, da niyyar a riƙa rage su a hankali. Saboda haka kada suna kaɗai ya wadatar da ke. A tambayi kamfanin: kashi nawa ne na wannan asusu ke cikin sukuk da sauran harkokin da aka tantance? Su waye masanan Shari'a da ke ba ku shawara? Game da hukuncin abin da ya riga ya taru a baya kuwa, wannan fatawa ce, a kai ta gaban malaman da suka san fiƙihun ciniki.

Na biyu, shekaru. Mai shekara 30 in kasuwa ta faɗi bana, yana da shekaru masu yawa da za ta farfaɗo kafin ya buƙaci kuɗinsa. Wanda ya rage masa shekara biyu ba shi da wannan sarari. Shi ya sa ba a barin mai shekara 50 ya shiga Asusu na Ɗaya. Kada maigida ya ce abokinsa ya koma wuri kaza shi ma zai bi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na uku, caji. Yana da ƙanƙanta a ido amma kamar gara yake. Ga misali don fahimta kawai: Naira miliyan ɗaya in tana ƙaruwa da kashi 10 duk shekara, bayan shekara 20 za ta kai wajen miliyan 6.7. In caji ya rage ƙaruwar zuwa kashi 8 da rabi, wajen miliyan 5.1 za a tarar. Kashi ɗaya da rabi kacal, amma ya tafi da fiye da miliyan ɗaya da rabi. Cajin ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni, don haka a tambaya kafin a sa hannu.

Na huɗu, tsadar kaya. Wannan babu wanda ya kai mu saninta, mu da muke riƙe da kuɗin cefane. A 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin ɗari. In asusu ya ƙaru da kashi 15 a irin wannan shekara, lambar da ke takarda ta hau, amma buhunan shinkafar da za ta saya sun ragu. Don haka wurin da ake ganin babu kasada shi ma yana da tasa kasadar a ɓoye. In za a gwada kamfani da kamfani, a duba abin da suka samar cikin shekara uku zuwa biyar, kada a tsaya kan shekara ɗaya.

Aikin uwargida

Wata za ta ce, "Malama, ni ina ruwana, ai kuɗinsa ne." Haka ne, kuɗinsa ne, kuma shi ke da ta cewa. Amma 'yar uwa, ranar da albashi ya tsaya, tukunyar wa za ta fara sanin bambanci? Kuma in ta Allah ta kasance, wa za a bari da marayu da neman takardu? Mun karanta a ƙissar Annabi Yusuf (AS) yadda ya tsara a yi tanadi a shekarun yalwa saboda shekarun fari. Tanadi ba ya kore tawakkali.

Sai dai magana tana da lokaci da lafazi. Kada ki tare shi daga shigowarsa da "Wai nawa ka tara?" Wannan sai ya zaci wani abu kike hange. Ki bari ya ci abinci ya huta, sannan ki ce, "Abban yara, yau a makaranta an yi mana bayanin fansho, ashe akwai wanda babu kuɗin ruwa a ciki. Ko za mu duba taka takardar mu ga a wanne kake?" Yawancin mazajenmu ba ƙin abin suke yi ba, hidima ce ta sha musu kai.

Ga abubuwan da za ku yi tare:

1. Ku nemo bayanin asusu na baya-bayan nan, ku ga sunan kamfani da rukunin da yake ciki.
2. Ku duba ko kuɗin kowane wata suna shiga. In akwai giɓi, ya bi sawu tun yanzu.
3. Ku tabbatar suna da ranar haihuwa da sunan magaji sun yi daidai da sauran takardunsa.
4. In ya yanke shawarar sauyawa, ya je ofishin kamfanin da kansa ko ya bi hanyarsu ta intanet. Kada ya ba kowa lambobin sirrinsa ta waya.
5. Ku adana takardun a wurin da ku biyu kuka sani.

Ke kuma ma'aikaciya, malamar makaranta ce ke ko ma'aikaciyar jinya, asusunki naki ne, dukiyarki ce da Shari'a ta mallaka miki. Ki yi shawara da maigida, amma ki san abin da ke ciki da kanki.

Ita ɗalibar tawa, bayan mako uku ta dawo ta ce sun zauna sun duba. Maigidan ya je ya yi tambayoyinsa, ya karɓo takardar neman sauyi, yana nazari. Abin da ya fi faranta mata rai, in ji ta, shi ne a wajen dubawar suka gano watanni biyu da kuɗin ba su shiga ba, har ya fara bin sawu. Da takardar ta ci gaba da zama a ƙasan akwati, da sai ranar ritaya za a gane.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin adashi da asusun haɗakar jari?
2. Wane dalili ya sa aka iyakance abin da ma'aikacin Amurka zai fitar ta sabuwar ƙofa zuwa kashi 25?
3. A wane rukuni ake saka ma'aikacin da bai zaɓi komai ba, in shekarunsa 40? In 52 ne fa?
4. Waɗanne tambayoyi biyu za a yi wa kamfani kafin a koma Asusu na Shida?

Allah Ya azurta mu da halal, Ya sa albarka a cikin abin da mazajenmu ke nema, Ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuma nawa ne, Allah Ya yafe mini.